Daga Wapa Zuwa Makka: Inda Guzurin Matafiyi Ke Zurarewa

Tun daga shekarar 1986 dalar Amurka ɗaya take daidai da riyal 3.75 na Saudiyya. A tsawon wannan lokaci sarakuna sun shuɗe a Riyad, farashin gangar mai ya hau ya faɗo ba adadi, an gwabza yaƙe-yaƙe a yankin, amma wannan lissafi bai gusa ba, saboda babban bankin ƙasar ya ɗaure kuɗinsa a jikin dala, yana kuma da ajiyar da zai kare ɗaurin. Takardar dala ɗari riyal 375 ce bana, haka take bara, haka take shekarar da iyayenmu suka sauke farali. Amma shiga sansanin alhazai na Kano ko na Sakkwato ana jibi tashi, ka tambayi maniyyata nawa dala ɗari za ta ba su idan sun sauka Madina. Ƙalilan ne za su faɗa maka daidai. Wasu ma ba su taɓa riƙe dala ba sai ranar da aka miƙa musu ambulan ɗin guzuri.

A wajen bita ana koya wa maniyyaci ɗaura harami da ɗawafi da jifan shaiɗan, har da yadda ake amfani da banɗakin jirgi. Maganar kuɗi kuwa sai a dunƙule ta cikin jimla guda: a kula da ɓarayi. A ganina, ɓarawon da ke yanka jaka shi ne ƙaramin mai cin guzurin matafiyi. Mafi yawan abin da ke salwanta da rana tsaka yake tafiya, a gaban mai shi, da yardarsa, duk lokacin da kuɗi ya tashi daga wani suna ya koma wani. Kuma abin bai tsaya kan alhazai ba. Ɗan kasuwar Kwari mai zuwa Guangzhou, da mai kai mahaifiyarsa asibiti Alƙahira ko Delhi, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Malesiya, da mai saro kaya a Kwatano, duk ta wannan ƙofa suke bi.

Kuɗi a hannun 'yan canji kamar gari ne da ake juyewa daga ƙwarya zuwa ƙwarya, kowane juyi sai an bar wani abu a baya. A ɗauka, don misali kawai, kowane canji yana cin kashi uku cikin ɗari. Wanda ya fita da naira miliyan ɗaya ya mayar da ita dala, ya mayar da dalar riyal, sannan bai kashe ba ya dawo ya sake mayar da riyal ɗin naira, zai tarar da abin da ke hannunsa bai kai dubu ɗari tara da sha uku ba. Babu wanda ya sace masa ko sisi. Saboda haka tambayar farko ga mai shirin tafiya ita ce: sau nawa kuɗina za su canja hannu kafin in saya abin da na je saya? Duk juyin da za a iya kauce masa, riba ce.

Me ya sa ma sai an bi ta dala? Saboda naira ba ta da kasuwa da zarar an bar maƙwabtanmu. Dattawa suna tuna zamanin da alhaji kan zaro naira a kasuwar Makka a karɓa da murna, kuma gaskiyarsu, domin a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja nesa ba kusa ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira tare da rufe iyakoki, da nufin kashe kuɗin da aka jibge a waje, kuma duk ɗan canjin ƙetare da ya kwana da naira a lokacin ya koyi darasi. A watan Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira ga kasuwa, ta fara gangarowa. Zamanin Abacha farashin gwamnati ya tsaya a naira 22 kan dala, alhali a kasuwar bayan fage ana sayenta sama da 80.

Wannan farashi biyu shi ya raini ɗabi'un da har yau ba su bar mu ba. Shekaru da dama banki yana iya sayar wa mai tafiyar ƙashin kansa dala 4,000 duk wata uku a farashin gwamnati, mai tafiyar kasuwanci kuma dala 5,000. Da tazarar ta yi faɗi sai neman guzuri ya zama sana'a: mutum ya yanki tikiti, ya nuna biza, ya karɓi dala, ya soke tafiyar, ya zarce kasuwar canji. Matafiyi na gaskiya kuwa ya yi ta sintiri a banki har ranar tashinsa ta zo bai samu ba. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin wuri guda. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta yi tsalle, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,800 a bayan fage kafin ta lafa. Abin ya yi wa jama'a zafi, amma ya rufe wata ƙofar cuta, kuma ya bar matafiyi da gaskiya guda: babu sauran dala mai rahusa da za a jira, sai dai a iya ciniki.

Cinikin nan a gida ake yinsa. Ga mai zuwa Saudiyya ko Dubai, inda dirhami shi ma yake ɗaure a 3.6725 kan dala tun 1997, ɓangaren da ke motsi shi ne naira zuwa dala. Da zarar dala ta shiga aljihu, sauran lissafin sananne ne. Don haka wahalar da ta cancanci a sha ita ce ta zagaya kasuwar canji ta Wapa a Fagge, ko Zone 4 a Abuja, a tambayi mutum uku ko huɗu, a kuma tambayi banki. Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Mai wayo yakan tambayi duka biyun kafin ya bayyana ko saye ya zo yi ko sayarwa. Idan tazarar ta yi yawa, to ko dai kasuwa na rawa, ko an ga baƙon fuska. Allon da ke cewa ba a karɓar la'ada kada ya ruɗi kowa, la'adar tana cikin farashin. Mafi munin farashi kuwa a filin jirgi yake, a kowace ƙasa, domin mai shagon ya san ba ka da wani wajen zuwa, kuma hayar da yake biya a wuyanka za ta fita. A can a canja abin shiga mota da sayen layin waya kawai.

Lokaci ma yana da tasiri. Gab da Umarar azumi, da lokacin biyan kuɗin makarantun waje, masu neman dala kan yi yawa. Wanda ya san da tafiyarsa tun watanni uku gara ya riƙa saye kaɗan-kaɗan, maimakon ya jira makon ƙarshe ya sayi duka a farashin rana ɗaya, wadda ba shi ya zaɓe ta ba.

Sai batun rasit, wanda mutanenmu suka raina. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana guda, daga baya ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan biyu ga manya, miliyan ɗari biyar ga ƙanana. Yawancin masu ɗaga hannu a bakin titi ba su da lasisin komai, dillalai ne na masu shago. Da yawansu mutanen kirki ne da amana ta riƙe su shekara da shekaru, amma amana ba ta amsa tambayar jami'in kwastan a wata ƙasa idan ya ce ina ka samo wannan kuɗi. Takardar shaidar saye ita ke amsawa. Malamanmu ma suna da abin cewa a nan. A fiƙihu sharaɗin canjin kuɗi da kuɗi shi ne a yi shi hannu da hannu, kowa ya karɓi nasa kafin a rabu, kuma Malikiyya sun tsananta a kan haka. Mai tura naira yau a ce ya dawo jibi ya karɓi dala ya saɓa wa wannan sharaɗi, ya kuma ɗora wa kansa haɗarin da sharaɗin ya zo karewa: in dala ta tashi kafin jibi, sai a fara ba shi labari.

Dala kuma ba duka ɗaya ba ce a idon ɗan canji, ko da yake a dokar Amurka duk takardar da gwamnatinta ta taɓa bugawa tana nan da darajarta. Akwai tsohuwar dala ɗari mai ƙaramin hoto ta kafin 1996, akwai mai babban hoto da ta biyo baya, sannan akwai sabuwa mai shuɗin zare a tsakiya wadda ta fito a watan Oktoban 2013. A Makka da Alƙahira da Guangzhou, mai shuɗin zaren ake so. Tsofaffin ko a ƙi su, ko a rage musu farashi. Haka takardar da ta yage, ko aka yi wa rubutu da biro, ko hatimin wani ɗan canji ya yi mata yawa, ko ta sha gumi a lalita. Ƙananan takardu irin dala biyar da goma su ma a wurare da yawa ba a sayensu a farashin ɗari. Wurin tace wannan shi ne gaban wanda ya sayar maka, ɗaya bayan ɗaya, ba kunya. Wanda ya ƙi canja maka takarda mai tabo a Kano ya san abin da zai same ta a Jidda.

Akwai wata cuta da kusan kowace shekara sai jami'an alhazai sun yi gargaɗi a kanta, kuma tushenta wani abu ne game da dalar kanta. Takardun naira da na riyal kowace da launinta. Na Amurka kuwa girmansu ɗaya, kuma a idon wanda bai saba ba kusan kamarsu ɗaya, daga dala ɗaya har dala ɗari. Sai wani ya matso kusa da tsoho ko tsohuwa da Hausa a bakinsa, ya ce Baba kawo in duba maka ko ba jabu aka ba ka ba, ko Hajiya kawo in canjo miki a inda ya fi tsada. Ya karɓi biyar 'yan ɗari-ɗari, ya juya su a hannu, ya mayar da biyar 'yan ɗai-ɗai. Sai an je gaban mai canji a gane guzurin wata guda ya koma abin da bai kai riyal ashirin ba. Maganin wannan bai fi minti goma a wajen bita ba: a ɗaga takardun biyu a nuna wa kowa, ga mai sifili biyu, ga marar sifili, a kuma maimaita 375 har ta zauna. Dala 500 riyal 1,875 ce. Shagon canji mai rajista zai rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ba da 3.73 ko 3.74. Wanda ya ce 3.50 ya ɗauke maka riyal 125, kuɗin abincin kwanaki.

Irin wannan asara ce hujjar masu cewa a daina ba alhazai tsabar kuɗi. A watan Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan guzurin matafiya ta kati ko ta asusu kawai. Da aka zo Hajjin 2025 aka so a bi da alhazai ta wannan hanya, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin alhazai na jihohi suka koka, har sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki aka amince a ba su a hannu. Guzurin ma ya riga ya ƙanƙance, daga dala 800 a 'yan shekarun baya zuwa 500 a 2024. Ina tare da waɗanda suka koka, a yanzu dai. Saudiyya ta yi nisa a harkar kati, ko mai sayar da shayi yana da na'ura. Amma manomin da ya tara kuɗin kujera shekara goma, bai taɓa tsayawa gaban na'urar ATM ba, rubutun da ke fuskarta kuma Larabci ne da Turanci, me zai yi? Zai miƙa wa wani katin, ya faɗa masa lambar sirri. Wanda zai iya musanya masa dala ɗari da dala ɗaya zai fi jin daɗin wannan. In na'ura ta haɗiye kati ana gobe fita Mina, babu reshen bankinsa da zai je. Kati zai yi amfani ranar da aka fara koyar da shi watanni kafin tashi, aka kuma bar wa mutum zaɓi.

Ga wanda ya iya, kati alheri ne, sai dai shi ma yana da nasa ramukan. Na farko, katin naira ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da za a iya kashewa da shi a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da iyakarsa. Abin da aka taɓa rufewa da sanarwar dare ɗaya ana iya sake rufe shi kana tsakiyar tafiya. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali, kuma gara a riƙe biyu daga bankuna daban, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kada su kwana a jaka ɗaya. Na biyu, saƙon lambar tabbatarwa da banki ke turowa yana zuwa ne ta layin gida. Mutane da yawa sukan cire layinsu su sa na ƙasar da suka je, sannan su rasa dalilin da ya sa ciniki ya ƙi wucewa.

Rami na uku ya fi ɓoyuwa, kuma masu ilimin boko sun fi faɗawa cikinsa. Ka miƙa kati a otal ko kanti a Dubai ko Istanbul, sai na'urar ta tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasar, ko da kuɗin katinka? Ganin adadin a dala yana kwantar da rai, sai hannu ya tafi can. To wannan zaɓi yana nufin ka ba bankin mai kantin izinin yi maka canji a farashin da ya ga dama, wanda kan ɗara na Visa ko Mastercard da kashi biyar cikin ɗari ko fiye, kuma mai kantin yana da kasonsa a ciki, shi ya sa wani lokaci yaron kanti kan danna maka ba tare da ya tambaya ba. Amsar kullum ita ce kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta: riyal a Saudiyya, dirhami a Dubai, lira a Turkiyya. Haka na'urar ATM. Ita kuma tana da kuɗin cirewa da ba ya la'akari da yawan abin da aka cira, don haka cirewa sau biyu da ɗan yawa ta fi cirewa sau goma. Otal da kamfanin hayar mota sukan riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina, kuma sakinsa na iya ɗaukar makonni bayan ka dawo gida.

'Yan kasuwa duniyarsu daban ce, domin abin da suke motsawa ya fi ƙarfin kati da lalita. Matsalar tsohuwa ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canja dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Mai niyyar Gwanja ko Tarabulus ba zai ɗauki wuri buhu-buhu ba, sai ya mayar da dukiyarsa turkuɗi ko fata ko azurfa, ko ya dogara da wani amintacce a can. Jikokinsu suna yin haka har yau: a zuba naira a asusun wani a Kano, a karɓi yuan a Guangzhou ko Yiwu, ko a biya mai masana'anta kai tsaye. Hanyar tana da sauri, ta kuma tsallake dala. Gwamnatoci ma sun yi ƙoƙarin yin irinta a hukumance, domin a 2018 Babban Bankin Najeriya da na Sin sun ƙulla yarjejeniyar musayar yuan biliyan 15, aka sabunta ta a ƙarshen 2024, sai dai ƙaramin ɗan kasuwa bai cika ganin hanyar shiga cikinta ba. Haɗarin hanyar bayan fage shi ne ba ka san kuɗin wa aka biya da shi a madadinka ba. 'Yan sandan Sin sun sha rufe asusun masu sayar da kaya saboda kuɗin da ya shigo musu ya biyo ta hannun 'yan damfara, kuma idan hakan ta faru kayanka ne ke zaune a sito har a gama bincike. Masu biya da kuɗin kirifto irin USDT su ma su sani cewa Sin ta haramta cinikin kuɗin kirifto tun 2021.

Kashe-kashen yau da kullum a Sin kuwa ya koma waya. Mai tasi da mai sayar da abinci Alipay ko WeChat Pay suke jira, wani ma ba shi da canjin da zai ba ka. Tun 2023 baƙo yana iya haɗa katinsa na waje da waɗannan manhajoji, ba a cajin komai a cinikin da bai wuce yuan 200 ba, abin da ya haura kuma ana ɗora kashi uku cikin ɗari. A gida ya kamata a haɗa, a gwada, kafin a hau jirgi.

Masu zuwa Masar neman magani su kiyayi mai tare su a titi da farashi mai daɗi. Sayen kuɗin waje a bayan fage laifi ne da ake ɗauri a kansa a can, kuma tun da aka saki fam ɗin Masar a watan Maris na 2024, ya faɗo daga wajen 31 zuwa kusan 50 kan dala, ribar da ake nema a titin ma ta gushe.

Tafiyar maƙwabta ita ce inda dala ba ta da aiki. Tsakanin naira da sefa akwai kasuwa ta kai tsaye a Jibiya da Maigatari da Illela da Maraɗi da Kwanni, kuma mai zuwa Yamai ko Kwatano da ya fara sayen dala ya ƙara wa kansa juyi ɗaya a banza. In ma dole sai kuɗin Turawa, yuro ya fi, domin sefa a jikinsa take ɗaure: yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999. Abu biyu ke kama baƙo. Na ɗaya, sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo daga bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar take fitowa, ta Kamaru da Chadi kuma daga BEAC da ke Yawunde. Darajarsu ɗaya a takarda, amma ta Zinder ba ta sayen goro a Garwa, sai an kai wa ɗan canji ya cire nasa. Na biyu, ƙirga. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, kuma dalarsa sefa biyar ce. In mai tuwo ta ce dala ɗari, sefa 500 take nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Bakano da bai san wannan ba zai yi ta gardama a kan abin da babu saɓani a cikinsa, ko ya amince da farashi ya zo biya ya ga ya ninka biyar.

Saura dokar bayyana kuɗi, wadda jahiltarta ta fi kowane mugun farashi tsada. A Najeriya, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shigowa da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa, ya bayyana wa kwastan. Tarayyar Turai yuro 10,000 ne, Amurka dala 10,000, Daular Larabawa dirhami 60,000, Saudiyya ta daɗe a kan riyal 60,000 har da zinare da duwatsu masu daraja, Sin kuma dala 5,000 kacal. Ɗaukar fiye da haka ba laifi ba ne a mafi yawan ƙasashe, ɓoyewar ce laifi, kuma hukuncinta kan kai ga ƙwace kuɗin da gurfana gaban kotu. Mutanenmu suna gudun cike takardar ne don tsoron kada a sa musu ido, sai su raba kuɗin a jakunkunan abokan tafiya, wanda shi ma jami'ai sun san shi sarai. Najeriya ta taɓa tsananta wannan fiye da yau: a 1984 an kama mawaƙi Fela Kuti a filin jirgin Legas kan fam 1,600, aka yanke masa shekara biyar, bai fito ba sai 1986. Haka nan karɓar saƙon kuɗi a ƙulle daga wanda ka haɗu da shi a filin jirgi, don Allah kai wa ɗan'uwana, ba taimako ba ne da hankali zai yarda da shi.

In an dawo da ragowa fa? Sulalla dai babu ɗan canjin da ke saye, a kashe su can ko a yi sadaka da su. Riyal da dirhami suna da kasuwa a Wapa, kuma tunda a jikin dala suke, mai niyyar komawa Umara baɗi babu abin da zai ci da sayar da su yau ya sake saye gobe. Kuɗin ƙasar da darajarsa ke zubewa, irin lirar Turkiyya ko fam ɗin Masar, gara a rabu da shi kafin a hau jirgin dawowa. Ajiya mai tsawo kuma tana da nata haɗarin ko da kuɗin mai ƙarfi ne, domin ƙasashe suna janye takardunsu. A daren 8 ga Nuwamban 2016 Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1,000 da sanarwar 'yan sa'o'i, masu jinya daga ƙasashen waje suka wayi gari da kuɗin da kanti ba ya karɓa. Ingila ta daina amfani da tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda a ƙarshen Satumban 2022, ta koma na roba. Babban bankinta yana musanya su har yanzu, amma a Landan, kuma wanda ya adana nasa a ƙasan akwati a Gusau sai dai ya sayar wa ɗan canjin da ke da mai kai masa can, a farashin da ɗan canjin ya yanka.